Yaƙin sararin samaniyar Ingila na 1940: juyawar Jamus zuwa Landan ce ta ceci Birtaniya?

Ɗalibin Tarihi:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da tambaya a kan wani ɓangare na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, kuma ina roƙon waɗanda suka fi ni karatu su warware mini ita. Ɓangaren da nake nufi shi ne gwabzawar da aka yi a sararin samaniyar Ingila tsakanin sojan sama na Jamus da na Birtaniya, daga 10 ga Yuli zuwa 31 ga Oktoba na shekarar 1940, bisa lissafin da su Ingilishi suka yi.

Iyakar abin da na fahimta shi ne, bayan Faransa ta sa hannu a takardar tsagaita wuta ranar 22 ga Yuni, Birtaniya ta ƙi neman sulhu, don haka ranar 16 ga Yuli Hitila ya ba da umarnin a fara shirin tsallaka mashigin teku a mamaye tsibirin, da sharaɗin sai an fara karya rundunar sojan saman Ingila tukuna. Daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba Jamusawa suka matsa wa filayen jiragen da ke kudu maso gabashin ƙasar lamba, sai kuma kwatsam ranar 7 ga Satumba suka bar filayen suka koma zuba wa birnin Landan bama-bamai. Na sha jin ana cewa a wannan rana Jamus ta saki nasarar da ke hannunta, wai da sun ƙara mako biyu kacal a kan filayen jiragen, da ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Har wani malaminmu ya ce mana fushin Hitila ne kawai, saboda an kai hari Balin, ya jawo masa wannan asara.

To, gaskiyar magana ke nan, ko kuwa labari ne da ya yi daɗin faɗa har ya zama kamar tarihi? Zuciyata ba ta kwanta da cewa makomar yaƙi mai girma irin wannan ta rataya a kan fushin mutum ɗaya na dare ɗaya ba. Allah Ya saka da alheri.

Tsohon Malami:

Wa alaikumus salam. Ɗana, rashin kwanciyar zuciyarka a kan hanya yake. Labarin nan yana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ya daɗe a bakin mutane, amma idan aka bi shi daki-daki za a ga ya bar muhimmin abu a baya.

Mu fara da batun fushin. Gaskiya ne cewa a daren 24 ga Agusta bama-baman Jamus sun faɗa cikin Landan, kashegari da dare Ingilishi suka rama a kan Balin, kuma ranar 4 ga Satumba Hitila ya yi jawabi a bainar jama'a yana barazanar shafe biranensu. Sai dai kwana ɗaya kafin wannan jawabi, Göring, shugaban sojan saman Jamus, ya zauna da manyan kwamandojinsa a birnin Hague na ƙasar Holan, inda Kesselring ya nace cewa ƙarfin Ingilishi ya kusa ƙarewa, saura kawai a kai hari inda dole su fito da sauran jiragensu a gama da su gaba ɗaya, wurin nan kuwa bai wuce Landan ba. Sperrle, ɗaya kwamandan, bai yarda cewa sun yi raunin da ake faɗa ba, amma aka rinjaye shi. Ka ga ashe akwai lissafin soja a cikin shawarar, kuma lokaci ma yana ƙure musu, domin idan kaka ta shigo teku ta fara hauka, maganar tsallakawa ta mutu sai wata shekarar. Lissafin ne ya zama gurgu, saboda an ɗora shi a kan ƙidayar ƙarya. A tsakiyar Agusta ma'aikatan leƙen asirinsu, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Schmid, sun ƙiyasta cewa jiragen farautar Ingila, wato masu tare jiragen abokan gaba a sama, da za su iya tashi ba su wuce 300 ba, alhali kuwa sun haura ninkin haka.

Abin da ya fi damuna da labarin "da sun ƙara mako biyu" shi ne yana sa mutum ya manta da tsarin da Hugh Dowding ya shafe shekara huɗu yana ginawa tun daga 1936, lokacin da aka naɗa shi shugaban rundunar jiragen farauta. Jamusawa sun zo yaƙi da jirage da matuƙa, sai suka tarar da wani abu da ba su gane ba har aka gama.

Ga yadda abin yake aiki. A bakin teku, kudu da gabas, an jera tashoshin na'urar hango jirage daga nesa, wato rada, masu dogayen hasumiyoyin ƙarfe da suka haura mita 100. Tun jiragen Jamus suna taruwa a saman Calais da ke gaɓar Faransa, waɗannan tashoshi sun gan su. Amma fuskarsu teku take kallo, da zarar jirgi ya wuce su ya shiga cikin ƙasa sun makance, daga nan sai aikin ya koma hannun 'yan sa-kai kimanin 30,000 da ke zaune a kan tuddai da rufin gidaje, riƙe da tabarau mai hango nesa da wayar tarho, suna faɗin yawan jirage da irinsu da inda suka nufa. Bayanan rada sukan fara zuwa hedikwatar Dowding a Bentley Priory, a arewacin Landan, inda ake tace su, a daidaita wanda ya saɓa da wani, a ware jirgin gida da na abokin gaba, sannan a aika wa shiyyoyi. An raba ƙasar shiyya huɗu, kuma Shiyya ta 11, wadda ta rufe Landan da kudu maso gabas a ƙarƙashin Keith Park, mutumin New Zealand, ita ta ɗauki mafi yawan dukan.

Ɗakin da Park ke zama a Uxbridge yana ƙarƙashin ƙasa, sai an sauka matakala 76. A tsakiyarsa akwai babban tebur mai taswira, mata sojoji kewaye da shi, kowacce da abin sauraro a kunne da doguwar sanda a hannu, tana tura 'yan guntayen katako da ke nuna kowane ayarin jirage. A jikin bango akwai agogo da aka raba fuskarsa da launi uku, ja da rawaya da shuɗi, kowane launi minti biyar, kuma alamar da za a ɗora a kan tebur dole ta dace da launin da hannun agogo ke kai, ta yadda kwamanda da ke zaune a sama, da kallo ɗaya zai san wane bayani ne sabo, wane ne ya tsufa. Sama da teburin kuma ga allo mai fitilu yana nuna halin kowace tawaga: wadda ke ƙasa a shirye, wadda ta tashi, wadda ta hango abokan gaba, wadda ke sauka shan mai. Amfanin wannan duka shi ne Ingilishi ba sa ƙona mai da ƙarfin matuƙa suna sintiri a sama suna neman abokin gaba a makance. Suna zaune a ƙasa har sai an ce musu ga shi nan tafe, a tsayi kaza, ta wuri kaza.

Jamusawa sun san da hasumiyoyin, har sun kai musu hari ranar 12 ga Agusta, suka kashe tashar Ventnor na wasu kwanaki. Amma hasumiyar da aka yi da saƙar ƙarfe tana da wuyar rushewa da bam, sauran tashoshin kuma an gyara su cikin sa'o'i, sai ranar 15 ga wata Göring ya ce bai ga amfanin ci gaba da kai musu hari ba. Idan kana neman ranar da Jamus ta yi babban kuskure, ni a ganina wannan ta fi 7 ga Satumba cancanta, ko da yake ita ma ba na cewa ita kaɗai ta yanke hukunci.

Su kansu filayen jiragen, yawancinsu na ciyawa ne, idan bam ya haƙa rami da safe, kafin la'asar an cike shi. Wuraren da ke da haɗari su ne tashoshin da ke ba matuƙa umarni ta rediyo, irin su Biggin Hill da Kenley da Hornchurch da Tangmere. Biggin Hill ta ji jiki ƙwarai, har ɗakin ba da umarninta ya rushe, aka kwashe ma'aikata da wayoyi aka mayar da su cikin wani kanti da ke kusa, aiki ya ci gaba. Ko da abin ya fi haka muni, Dowding yana da inda zai ja da baya, wato arewacin kogin Thames, inda jiragen farautar Jamus ba sa iya kaiwa su daɗe, ya jira ranar da za a fara tsallakawa ya dawo da ƙarfinsa. Shi ba a ɗora masa kashe rundunar Jamus ba. Abin da ake nema gare shi ya kai kaka yana tsaye da ƙafafunsa, kuma ya san haka tun watan Mayu, lokacin da ya rubuta wa gwamnati wasiƙa yana roƙon kada a ƙara tura ko tawaga ɗaya zuwa Faransa, ƙasar da ya riga ya ga ta faɗi.

Injiniyan Ƙarfe:

Baba Malam ya gama magana a kan tsari, ni kuma da izininsa zan ɗan ƙara a kan jiragen da masana'antu, domin nan ne lissafin mako biyu ya fi rushewa.

Ƙanena, ka duba jirgin farautar Jamus, Messerschmitt 109. Jirgi ne na gaske, bai gaza Spitfire na Ingila ba, ya kuma fi Hurricane, ɗaya jirgin farautar Ingilishi, gudu da hawa. Yana ɗauke da igwa mai faɗin milimita 20, alhali na Ingila bindigogi takwas ne masu harsashi irin na bindigar sojan ƙasa, waɗanda idan matuƙi ya danne kunama bai ɗaga ba, cikin daƙiƙa 15 ko kusa da haka ya ƙarar da harsashinsa. Injinsa kuma famfo ke tura masa mai kai tsaye, saboda haka yana iya sunkuyar da kai ya nutsa nan take, shi kuwa injin Merlin na Ingila kafireta gare shi, idan aka yi masa haka sai ya sarƙe na ɗan lokaci. Hatta salon tashi, Jamusawa sun fi gwaninta a farko, suna tafiya biyu-biyu da huɗu-huɗu a warwatse kowa na tsaron bayan ɗan'uwansa, Ingilishi kuwa suna tafiya uku-uku a matse, idon kowa na kan fiffiken shugabansa maimakon sararin sama.

Amma duk wannan fifiko tankin mai ya cinye shi. An ƙera 109 ne don ya bi sojan ƙasa yana tashi daga filin da ke kusa da fagen fama. Idan ya taso daga gaɓar Faransa ya kai Landan, abin da ya rage masa na faɗa bai fi minti goma ba, daga nan jar fitilar mai za ta kama, kuma da yawa sun faɗa teku a hanyar komawa ba tare da harsashi ya taɓa su ba. Babban ɗan'uwansa mai inji biyu, wato 110, wanda aka yi don rakiya mai nisa, ya kasa juyi da Hurricane da Spitfire har ya zama shi ma sai an raka shi. Stuka kuwa, mai nutsowa ya jefa bam daidai inda ake so, wanda ya firgita mutane a Folan da Faransa, an yi masa ɓarna sosai ranar 18 ga Agusta har aka janye shi daga fagen. Da janye shi Jamus ta rasa makamin da ya fi iya samun ƙaramin wuri kamar ɗakin ba da umarni ko tashar rada. Ranar 15 ga Agusta ma sun gwada turo jirage daga Norwe da Denmark zuwa arewacin Ingila ba tare da rakiyar 109 ba, suna zaton an kwashe masu tsaron can an kai kudu, aka tare su aka yi musu mummunan duka, ba su sake gwada haka da rana ba.

Sai masana'antu. A watannin bazarar nan Birtaniya tana fitar da jiragen farauta sama da 400 kowane wata, kusan ninki biyu na abin da Jamus ke fitarwa na irinsu. Bayan sababbi, akwai tsarin gyara da aka shigar da kamfanonin farar hula ciki, har da masu ƙera motoci, ana kwaso jirgin da ya lalace a faci shi, ko a cire sassan biyu a tayar da ɗaya. Don haka ko a cikin makonnin da suka fi tsanani, ajiyar jirage ta ragu amma ba ta ƙare ba.

Abu na ƙarshe, kuma a wurina shi ne mafi nauyi: a saman gidan wa ake faɗan? Baturen Ingila da aka harbo, idan ya sauka da lema lafiya, mota za ta mayar da shi sansaninsa, wani ma ya sake tashi a ranar. Bajamushe da ya sauka da lema a gonar Kent, a kudu maso gabashin Ingila, ya gama yaƙi, sai sansanin fursuna, kuma jirgin jefa bam ɗaya idan ya faɗo, mutum huɗu ko biyar ya tafi da su. Mako biyun da ake cewa da an ƙara, su ma Jamusawa ai da jini za su biya shi, kuma tawagoginsu a farkon Satumba sun riga sun rame, ba a iya cike musu gurbin matuƙa yadda ya kamata.

Maman Safiyya:

Na karanta bayanin Baba Malam da na Injiniya na kuma ƙaru, amma ina jin tsoron kada ɗalibinmu ya tashi da tunanin cewa makonnin nan biyu ba komai ba ne. Waɗanda suka rayu a cikinsu ba haka suka gan su ba. Daga 24 ga Agusta zuwa 6 ga Satumba, rundunar Dowding ta rasa matuƙa 103 da aka kashe, wasu 128 kuma suka ji munanan raunuka. Jirgi ana ƙera shi cikin kwanaki, amma matuƙin da ya san yadda zai duba rana kafin abokin gaba ya faɗo masa daga cikinta, ba a samar da shi sai da watanni. Sai da ta kai an rage horon ƙarshe na sababbin matuƙa zuwa mako biyu, ana tura yara masu shekara 19 da 20 tawaga, wasu ba su yi kwana uku ba aka rasa su, tun abokan zamansu ba su riƙe sunayensu ba.

Ku duba yinin mutum ɗaya daga cikinsu. An tashe shi tun kafin asuba, an kai shi wata 'yar rumfa a gefen fili, yana zaune da rigar ceto ta ruwa a wuyansa, kunnensa na kan wayar tarho. Idan ta yi ƙara, ko dai shayi ne ya iso, ko kuma a ce a tashi, ya ruga da gudu ya hau jirgi, cikin 'yan mintuna yana sama. Zai iya yin haka sau uku ko huɗu kafin magariba. Abin da suka fi tsoro shi ne wuta, domin a Hurricane akwai tankin mai a gaban matuƙi, idan ya kama, harshen wutar fuska da hannuwa yake fara ci. Waɗanda suka tsira da irin wannan ƙuna su ne likita Archibald McIndoe ya yi ta yi wa aiki a asibitin East Grinstead, wasu sau da dama, yana gina musu fatar ido da leɓe daga fatar wani sashe na jikinsu.

Ina kuma so a tuna cewa ba Ingilishi kaɗai suka yi wannan tsayuwa ba. Cikin mutum kusan 3,000 da suka tashi a wannan yaƙi, waɗanda 544 daga cikinsu suka mutu a cikinsa, kusan kashi ɗaya cikin biyar baƙi ne, mafi yawansu 'yan Folan su 145, sai 'yan New Zealand da Kanada da Cekoslobakiya. Tawaga ta 303 ta 'yan Folan ba a yarda ta shiga faɗa ba sai ƙarshen Agusta, saboda ana shakkar Turancinsu, amma da aka sake su sai suka shiga sahun gaba wajen kakkaɓo jirage, domin ƙwararru ne da suka riga suka ga yadda aka ci ƙasarsu. Zuwansu ya dace da daidai lokacin da ƙwarewa ta fi komai ƙaranci.

Kuma sauƙin da filayen jirage suka samu daga 7 ga Satumba, talakawan gabashin Landan ne suka biya kuɗinsa. A wannan rana da darenta kaɗai an kashe sama da mutum 400 a unguwannin da ke kusa da tashar jiragen ruwa, aka ci gaba da haka kusan kowane dare har wajen wata biyu, kuma kafin watan Mayu na 1941 fararen hula da suka mutu a faɗin ƙasar sun kai 40,000.

Baban Khadija:

Da girmamawa ga Malam da sauran masu magana, ni ina ganin duk mun tsaya kallon sama mun manta da ruwa. A ce ma Jamus ta kori jiragen Ingila daga kudu, da me za ta tsallaka? A watan Afrilu na 1940, a yaƙin Norwe, sojan ruwanta sun yi asarar da ba su farfaɗo ba, a Narvik kaɗai an nutsar musu da jiragen yaƙi masu sauri guda goma, kusan rabin abin da suke da shi na irinsu. Abin da suka tara a Calais da Boulogne da Dunkirk da Ostend da Antwerp manyan kwale-kwalen dakon kaya ne na kogi, wajen 2,000, da yawansu ba su da inji sai an ja su, kuma ba a yi su don igiyar teku ba. A ɗaya gefen kuma ga rundunar ruwa da ta fi kowace girma a Turai tana jira. Shi kansa Raeder, shugaban sojan ruwan Jamus, bai ɓoye shakkarsa a kan shirin ba. Jiragen jefa bam na Ingila ma, waɗanda ba a cika ambatonsu a wannan labari ba, sun yi ta bin tashoshin nan da dare a watan Satumba har suka lalata kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da aka tara.

Saboda haka amsata ga ɗalibinmu ita ce, ko an ƙara mako biyu ko wata biyu, teku da sojan ruwa suna nan, kuma su ne katangar gaskiya.

Ɗalibin Tarihi:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Amma Baba Malam, maganar Baban Khadija ta sake jefa ni cikin wani tunani. Idan har mamayar ba za ta yiwu ba ko ta yaya, to, mene ne aka ci a sama? Kuma su shugabannin Ingila na lokacin, sun san ba su cikin haɗarin da ake faɗa, ko kuwa mu ne muke ganin haka yanzu da komai ya wuce?

Tsohon Malami:

Baban Khadija ya kawo hujja mai ƙarfi, kuma akwai masana da dama da ke kan ra'ayinsa, amma ban bi shi har ƙarshe ba. Jirgin ruwa da ba shi da kariya daga sama yana cikin haɗari, an ga haka a tsibirin Crete a ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni na 1941, inda jiragen saman Jamus da na Italiya suka nutsar wa Birtaniya manyan jiragen yaƙi uku da ƙanana shida cikin 'yan kwanaki. Na yarda sojan ruwa za su iya wargaza kwale-kwalen nan, amma da tsada mai yawa, kuma Birtaniya da ta rasa rabin jiragen ruwanta a mashigi, da me za ta raka jiragen abincinta a Tekun Atlantika? Sannan ka tuna Hitila bai buƙatar sojansa su taka ƙasar Ingila idan zai sami abin da yake so ta wata hanya. Burinsa a yi sulhu ya juya gabas hankali kwance, kuma a ƙarshen watan Mayu na 1940 an tafka muhawara a majalisar yaƙin Birtaniya kan ko a nemi jin sharuɗɗansa ta hannun Italiya, Halifax, ministan harkokin waje, yana ganin a gwada, Firaminista Churchill ya ƙi. Da jiragen Jamus sun sami damar yawo a saman Landan da rana tsaka ba mai tare su, wannan muhawara za ta iya dawowa, kuma Amurka da ke kallo daga nesa tana auna ko Birtaniya ta cancanci a zuba mata dukiya, da ta yanke wani hukuncin dabam. Wannan shi ne abin da aka ci a sama.

Ranar 15 ga Satumba ce ta nuna haka ƙarara. Churchill ya sauka ɗakin nan na Uxbridge da na kwatanta maka, yana kallon fitilun allo suna kamawa ɗaya bayan ɗaya har duk tawagogin Park suka tashi, ya tambaye shi sauran nawa ke ajiye, Park ya ce babu. Mutane suna kawo wannan a matsayin shaidar ƙiris ya rage, amma Park shiyyarsa yake nufi a wannan sa'a, sauran shiyyoyin suna da jirage, har Shiyya ta 12 ta turo tawagogi biyar a dunƙule daga Duxford. Matuƙan Jamus da aka gaya wa cewa abokin gaba ya ƙare, sai suka ga sama cike da shi. Ingilishi sun yi shelar sun harbo 185 a ranar, ainihin adadin kuwa kusan 60 ne, amma ya isa, domin bayan kwana biyu Hitila ya ɗage mamayar ba tare da sa rana ba, kuma a watan Disamba ya sa hannu a umarnin shirin yaƙi da Tarayyar Sobiyet. Abin da ke ɓata mini rai har yau shi ne sakayyar da aka yi wa mutanen biyu da suka tsara wannan nasara, domin kafin shekarar ta fita an sauke Dowding an kuma ɗauke Park daga shiyyarsa, bayan jayayyar da Leigh-Mallory na Shiyya ta 12 ya tayar kan cewa ya kamata a riƙa tara jirage da yawa kafin a kai farmaki.

Game da ko shugabannin sun san halin da suke ciki, tsoro kam sun ji shi, a daren 7 ga Satumba har an ba sojan ƙasa sanarwar cewa mamaya na iya zuwa kowane lokaci. Amma ka duba abin da suka aikata. A watan Agusta, ana tsakiyar ɗauki-ba-daɗi, gwamnati ta yanke shawarar tura tankokin yaƙi kusan 150 zuwa Masar don fuskantar Italiya. A watan Satumba kuma aka buɗe wata hanya da ta ratsa ta ƙofar gidanmu: ana kawo jirage a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su taso ta Legas su sauka Kano, daga nan Maiduguri, su tsallaka Cadi, wadda gwamnanta Félix Éboué ya bi ɓangaren de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a ƙarshen Agusta, su bi ta El Geneina da El Fasher zuwa Hartum, sannan Alƙahira. Ayarin farko da ya bi wannan hanya a watan Satumba na 1940, jirgin jefa bam na Blenheim ɗaya ne ke jan gaba, Hurricane shida na biye da shi, irin jirgin da a wannan makon ake tashi da shi daga filayen Kent don tare Jamusawa.